Bawul Mai Rowa a Ƙauyen Sule Tankarkar

Cikin dukan ayyukan da na yi a matsayin injiniyan ruwa, akwai guda ɗaya da ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi.

Bayan na yi ritaya, jama'ar wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar suka roƙe ni in duba musu bawul ɗin tankin rijiyar burtsatse, wato ƙarfen da ke buɗe ruwa da rufe shi. Ruwa na sauko masa da ƙarfin gaske, ya daɗe yana yoyo. Ni kuwa makarantar mishan ce ta raine ni, inda ɗigon tawada ɗaya a takarda ke jawo bulala. Na zana sabon bawul da hannuna, na sa aka ƙera mazauninsa da tagulla a Gumel, na tsara robarsa yadda ƙarfin ruwan zai ƙara danne ta maimakon ya ture ta. Na ɗaura. Ko ɗigo babu.

Ba a jima ba aka aiko mini cewa yana yoyo. Na je na kwance, na duba, na mayar. Ya sake. Har mai unguwa ya fara zancen kiran wani makanike daga Maigatari ya gyara aikina. Ni, da furfurata!

Sai na yi sammako, na laɓe bayan ginin tankin. Can sai ga wata tsohuwar Bafillatana da ƙwaryar nono a ka. Ta sauke a natse, ta zaro sifana daga ƙugunta, ta sassauta noti. Ruwa ya tsiyaya zuwa wasu 'yan shukokin barkono da yakuwa.

Na fito na ce, "Inna! Ashe ke ce ke zubar mini da mutunci?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "A'a, bawana Bamange ne? Tun da ka kawo ƙarfen nan naka mai rowa barkonona ke bushewa. Tsohon ƙarfen ya fi ka kirki."

"In notin nan ya kuɓuce, ruwan zai iya cire miki ido."

"To, yi mini ƙofa mana, in ka cika gwani."

Tsakanin Bamange da Bafillace wasa ne, ba a kai ƙara. Na haɗiye fushina. Na ƙera ƙaramin famfo a gefen bawul ɗin, mai ɗiga daidai gwargwado, na kuma rufe notin yadda sifana ba za ta kai gare shi ba. Mai unguwa ya bar zancen makanike. Ita kuwa ta dubi aikin, ta ce, "Ashe bawa yana jin magana."

A nan na koyi cewa kafin mutum ya toshe yoyo, ya kamata ya fara binciken wanda ke sha daga gare shi.