Kalmar Da Ta Hana Direba Tafiya

Shekara ashirin da biyu tana goge daɓen asibitin, kuma a nan kunnenta ya tsinci Turanci, tana riƙe da tsumma. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma in baƙon likita ya rasa yadda zai yi da majinyaci, ita ake ƙwala wa kira. Shi ya sa kowa ke ce mata Tafinta. Halinta ɗaya ne ke ba mutane haushi: ba ta sa wa magana zuma. Abin da likita ya faɗa shi za ta faɗa, ko da mutum zai fashe da kuka.

Ranar da ƙanenta, direban babbar mota, ya zo jin sakamakon hoton ƙirjinsa, ita ta tsaya tsakaninsa da likita. Wata biyu ke nan yana tari. Likita ya ɗaga hoton, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ambiguous." Ya ƙara ɗan bayani da Turanci yana nuna wani wuri a hoton.

Ta sha jin kalmar a ɗakin nan, kuma ta tsane ta. Ana faɗinta ne in abu ya ƙi fitowa fili, a iya ɗaukarsa haka, a iya ɗaukarsa akasin haka.

"Yaya, me ya ce?"

"Hoton bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Akwai wata inuwa. Jibi za a sake ɗauka da babbar na'ura."

"To ai lafiya lau ke nan! Gobe zan ɗau kaya, sai bayan wata uku."

"Ban ce lafiya lau ba."

"Haba Yaya, Turancin tsumma ne zai hana ni aiki?"

Ma'aikatan jinya suka kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta zare makullin motar daga aljihun rigarsa, ta ƙulle a bakin zaninta, ta koma kan bokitinta. Direban ya yi faɗa, ya yi magiya, har ƙara ya kai wa mijinta. Mijin ya ce shi ma shekara talatin yana fama, bai taɓa yin nasara ba.

Hoto na biyu ya nuna ƙari a huhu, ɗan ƙarami. Likita ya ce an kama shi da wuri, za a iya cirewa.

A kan bencin waje direban ya juyo ya dubi yayarsa.

"Yaya, da kin ce lafiya lau, da na yarda."

"Na sani," in ji ta, tana kwance makullin daga bakin zaninta. "Shi ya sa ban faɗa ba."