Neman Fuskar Yaya Iro a Saman Tasawa

Atantane zuwa Mayahi

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba na bar Atantane a amalanken jakin Baba Gambo, maƙwabcinmu, ina rungume da kyamara cikin tsohon zanen Inna. Ba tawa ba ce. Malaminmu na kimiyya a lise, wato sakandare, ta Maradi ya ba ni aronta don hutu, da pelikil, wato fim ɗin ɗaukar hoto, ɗaya tak a ciki.

Wani direba ne ya kawo labari cewa sojojin laima za su yi atisaye a bayan Tasawa ran Alhamis, kuma yayana Iro na cikin masu durgowa daga jirgi. Tun kafin fari ya tsananta rabonsa da gida. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar labarinsa, ko ya zo ma ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Hoto kaɗai zai ba ta damar ƙare wa fuskarsa kallo, ita kaɗai a ɗaki. Ba ta ce in je ba. Ta dai ƙulla mini garin rogo a tsumma, ta ce in gaishe da ƙanenta.

Jakin ya rame, sau da yawa muka sauka muna turawa cikin rairayi. Gonaki fayau, rumbuna a buɗe. Sai bayan azahar muka shiga Mayahi.

Mayahi zuwa Tasawa

A tasha na sami kamyo, wato babbar motar kaya, da ya sauke jar dawar taimako zai koma Tasawa wayam, na hau. A shingen bakin gari wani soja ya ga ƙunshina.

“Kai, mi ke nan?”

“Kyamara ce, ranka ya daɗe.”

“Wa za ka ɗauka?”

“Yayana. Sojan laima ne.”

Ya juya ta, ina tsoron kada ya buɗe bayanta haske ya cinye pelikil. Ya miƙo mini. “Ka ce mai ya riƙe igiya da kyau.”

Gab da magariba na sauka gidan Kawu Haladu, ƙanen Inna, komi ne a wani buro, wato akawu a ofis. Ya karɓe ni da kyau, ba zan ɓoye ba. Har tuwon gero aka ba ni, a shekarar da gero ya zama abin labari.

Alhamis, filin sauka

Da hantsi muka isa filin, jama'a maƙil a bayan igiya. Na daɗe ina nazarin wannan ɗauka. Mai faɗowa ba ya tsayawa, don haka na sa saurin ƙiftawar kyamara a kan ɗari biyar, kada ya fito dishi-dishi. Sai idon kyamara, wanda yawan lambarsa ke nufin ƙanƙantarsa. In ka nuna ta sama, allurar awon haske sararin take gani, fari fat babu gajimare, sai ta ce ka tsuke ido zuwa sha shida. Ka bi ta, sama ta yi kyau, mutum ya fito baƙi ƙirin, tunda yana ƙarƙashin inuwar laimarsa. Saboda haka na auna hasken a bayan hannuna, fatar Yaya ai irin tawa ce, na buɗe ido zuwa takwas. Na kuma ƙudura ba zan danna ba sai ya sauko daidai tsawon itacen gawo, inda fuska za ta ganu.

Jirgi na fara ƙugi, Kawu ya iso da abokan aikinsa biyu, ya miƙo hannu wajen kyamarar.

“Ɗan lise, kawo aparan nan. Wanga ba aikin yara ba ne.”

“Kawu, na riga na daidaita ta.”

Ya karɓe, ya nuna sama, ya leƙa. “Kun gani? Allura ta haye can! Da ya ƙone hotunan duka.” Ya murɗa zuwa sha shida.

“Kawu, allurar sama take aunawa, ba mutum ba.”

“Ashe kana magana!” in ji ɗaya daga cikin abokan, suka kwashe da dariya. Kawu ya ce, “Ni na ɗauki hoton bikin buɗe buronmu kana cikin tsumman goyo. Allura ba ta ƙarya.”

A garinmu ba a gyara wa kawu magana a gaban baƙinsa, balle wanda ka kwana gidansa. Na bar masa ita.

Laimomi suka buɗe can ƙololuwa kamar furen auduga. Tun suna ɗigo-ɗigo Kawu ya shiga dannawa yana ihu, “Ga ɗanmu! Ga ɗanmu!” alhali ba mai iya gane kowa. Na ce, “Kawu, a bari su matso.” Ya ture ni da gwiwar hannu. Lokacin da Yaya Iro ya zo daidai kanmu, har ina ganin haƙoransa da zufar goshinsa, abin murɗa pelikil ya cije. Pelikil ya ƙare.

Kawu ya cusa mini kyamarar a ƙirji. “Aparan malaminku ba ta da ƙwari.”

Suna sauka aka tattara su cikin mota. Yaya ya ɗago mini hannu daga nesa. Ko gaisawa ba mu yi ba.

Juma'a, kasuwar Tasawa

Mai wankin hoto na bakin kasuwa ya shimfiɗa mana hotunan a kan tebur, ni da Kawu. Sama ta fito tas, babu aibi. A cikinta baƙaƙen abubuwa na rataye kamar jemagu. Kawu ya ɗaga ɗaya ya ce, “Ka ga sama yadda ta yi kyau?” Ya zaɓi biyu zai manna a buro. Na tattara sauran na ƙunshe.

Komawa gida

Asabar na bi kamyo zuwa Mayahi, daga nan na taka da ƙafa tare da masu dawowa daga rabon dawa. La'asar sakaliya na shiga gida.

Inna na tankaɗe. Na ajiye hotunan a gefen tabarma. Ta goge hannu, ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, tana kai su kusa da ido, tana karkata su wajen haske. Ba za ta iya cewa wanne ne shi ba, ni kuma ko ta tambaya ban sani ba. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Duk sun sauka lahiya?”

“Duka, Inna.”

Ta haɗa su gaba ɗaya, ba ta bar ko ɗaya ba, ta shige ɗaki ta saki labule.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa malamina, da Baba Gambo da jakinsa, da sojan da bai buɗe abin da ba nasa ba. Kawu Haladu kuwa, na gode da tuwo.