Lurun da Na Sa wa Almakashi

Iya Dije, mahaifiyar babanmu, ba ta yin tatsuniya sai hannunta na aiki. Idan sanyi ya shigo ƙauyenmu da ke bayan Funtuwa, bayan sallar isha'i sai ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta jawo faifan audugarta da mazari, mu kuma mu kewaye ta. Mu shida ne jikokin gidan, ni ne ƙarami. Tana da wani luru mai ratsin baƙi da fari, wanda ita ta kaɗa zarensa kafin ta kai wa masaƙi, nauyinsa kamar na ɗan akuya. Shi take yafa mana, ni kuma a tsakiya ake cusa ni, inda ɗumi ya fi taruwa.

"Wa zai ara min kunnensa?" haka take farawa. Mu ce, "Ga namu, Iya."

Wadda na fi so ita ce ta wani falke, Tanko. Da zai yi tafiyarsa ta farko, uwarsa ta saƙa masa bargo da hannunta. Abokan tafiyarsa kuwa kasuwa suka shiga suka sayi mayafai masu araha, suna yi masa dariya wai ya ɗauko gadon kakanninsa a ka. Suka kwana a kan wani dutse, sanyi ya sauko, haƙoransu na kaɗawa har gari ya waye, Tanko na ta minshari. Suka shiga hamada, iska ta yayyaga mayafan nan, nasa ko zare bai zare ba.

"Araha," in ji Iya, tana murza mazari, "ba ta kwana da mutum. Da yamma take sallama."

Daga nan ban san abin da ke biyo baya ba. Ɗumin lurun ke ɗauke ni, sai dai in farka da safe a ɗakin mahaifiyata. Na girma ina zaton ƙarshen ke nan.

Da Iya ta rasu, ni aka ba lurun. Da na samu tallafin karatu zuwa Kuala Lumpur na sa shi a ƙasan akwati, duk da kowa ya gaya min babu sanyi a Malesiya. Shekara huɗu yana cikin kabad a gidanmu na unguwar Sentul.

Bara makarantar 'yata Hanifa ta shirya wa 'yan ajinsu kwana biyu a daji, wajen Gombak. Tana da shekara tara. A jerin kayan da malamarsu ta aiko akwai jakar barci, irin bargon nan mai zif da mutum ke shigewa ciki. Muka je kasuwar Chow Kit da mahaifiyarta, Zulai, muka ga masu araha, sakwat kamar leda. Muka leƙa wani kanti a Bukit Bintang, muka ga na masu hawan dutse, kuɗinsu ba na ɗalibi ba ne.

"Abban Hanifa, mu ɗauki ta Chow Kit ɗin," in ji Zulai. "Kwana biyu ne fa. Duk yaran irinta za su riƙe."

Na ce mata araha ba ta kwana da mutum. Na ce muna da abin da ya fi duka biyun a gida: lurun Iya, zan kai wa tela ya mayar da shi jakar barci.

Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan ƙasar da ya yi aikin gandun daji, ya gan ni da lurun a bakin lif ɗin benenmu, na gaya masa abin da zan yi da shi. Ya taɓa shi, ya yaba, sannan ya ce auduga ba ta shiri da dajinsu, in bari ya ara mana tasa jakar barcin. Na yi godiya na wuce. A raina ina cewa, me ya sani game da luru?

Telan da na kai wa a Chow Kit ma sai da ya daɗe yana juya shi. Na nuna masa inda zai yanke da inda zai sa zif. Ya ce, "Boleh," wato zai yiwu, amma ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Ina tsaye ya sa almakashi. Ƙarar da zaren ya yi ba ta fita daga kunnena ba.

Hanifa ta yi murna. Ta ce za ta gaya wa ƙawayenta kakar babanta ce ta yi shi da hannu. Na ga yadda jakar ke rinjayar ta wajen hawa mota, na ce a raina nauyin abin kirki ne.

Ranar farko ruwa ya sauko musu tun la'asar, ya shiga ƙasan tanti. Jakunkunan sauran yaran aka kakkaɓe aka shanya, suka bushe kafin lokacin kwanciya. Tata ta sha ruwa ta ƙoshi. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa, ta shige cikinta a jiƙe. Da asuba malamarsu ta same ta tana rawar ɗari, ta kira mu. Kwana uku ta yi da zazzaɓi. Lurun kuwa a baƙar leda ya dawo, muna ta jinya ba wanda ya tuna da shi. Da na buɗe ya yi fumfuna, tsohon zaren ya saki duk inda allurar tela ta bi. Ina ɗagawa yana rabewa a hannuna.

Zulai ta tattara guntayen ta mayar cikin ledar. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Na kira babbar yayata, Yaya Habi, na gaya mata. Ta yi salati, ta ce, "Nura, ashe kai ne Tanko."

Na ce ai Tanko shi ya yi nasara.

"Kai da kake barci tun ana hamada? To saurara."

Ashe bayan hamada ƙasar ruwa suka isa. Masunta suka ce masa ya naɗe bargon ya ba su ajiya, ya karɓi tabarmar kaba mai araha, ita ake kwana da ita a nan. Ya ƙi, ya ce na uwarsa ya fi. Suna tsakiyar kogi ruwan sama ya kece, kwalekwale ya kife, bargon ya jiƙe ya riƙa jan sa ƙasa. Sai da ya sake shi ya tsira. Ya koma gida yana kuka. Yaya Habi ta sauya murya, ta koma ta Iya sak: "Uwar ta ce, ɗan nan, sanyin da na sani na saƙa maka. Wanda ban sani ba, ai sai ka tambayi masu shi."

Na zauna a kan matakalar bene da waya a hannu. Shekara talatin ina yawo da rabin magana, ina yanke hukunci da ita. Abin da ya fi ci min rai, ba don Hanifa na yi ba. So nake a ga cewa mu ma muna da namu, sai na ɗora wa yarinya nauyin, na kuma lalata abin da nake alfahari da shi. Mutum uku suka tsayar da ni a hanya, ban ji ko ɗaya ba. Tun daga lokacin Hanifa ba ta sake neman ta kai wani abin gida makaranta ba, ko zanen atamfar da take so ranar nuna al'adu.

Kwanan baya na zaunar da ita na ba ta tatsuniyar tun daga farko har ƙarshe, da Hausa. Ta saurara tsaf. Da na gama ta yi ɗan tunani, ta tambaye ni da Turanci, kamar yadda ta saba.

"Abba, ya koma ya ba masuntan haƙuri?"

Na ce Iya ba ta faɗa ba.

"Ya kamata ya koma, lah," in ji ta, da irin Turancin 'yan Malesiya.

Washegari da safe, kafin in tafi makaranta, na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinmu.