Malama Tasalla da Yaran da Aka Ce Ba Sa Ji

Kafin 'yan acaɓa su cika tashar Kafin Maiyaki, Malama Tasalla ta riga ta share ɗan ɗakinta na bayan asibiti, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye farantin gyaɗa mai ɓawo a tsakiya. Jinya ta karanta, ta ƙara da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma yaran da suka gagari gida ake kawo mata: mai duka, mai firgita, mai shirun da ya ƙi ƙarewa. Daga Kiru suke zuwa, daga Bebeji, har daga Doguwa.

Kusan duk iyayen da magana ɗaya suke shigowa: "Malama, yaron nan ba ya ji." Sai ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya shirya. To shi wa ya ji tasa?" Na ga dattijo da gemunsa yana ta sosa ƙeya.

Ba ta titsiye yaro. Ta san mu muka hana su kallon babba ido cikin ido, don haka a gefensu take zama, su yi ta ɓarar gyaɗa. Hannu na aiki, ido na ƙasa, wata rana sai baki ya buɗe da kansa.

Haka aka kawo mata Musaddiq. Mahaifinsa direba ne, ya rasu a hatsari kusa da Kwanar Dangora, daga nan yaro ya birkice, har ya fasa wa ɗan ajinsu kai. Baffansa Wada ya riga ya gama magana da wani gidan mari. Uwarsa Zuwaira ce ta roƙa da kuka a fara biyawa ta asibiti.

"Malama, mun yi bulala, mun yi nasiha, mun gaji," in ji Wada. "Mari kawai ya rage."

"Alhaji, gidan mari ba inda za shi. Ka ara min shi zuwa kaka."

Aka daɗe yaro bai ce uffan ba. Ran nan ma ya yi jifa da farantin, ta tsince gyaɗarta ta ci gaba. Ita kanta ta ce min ta tsorata, ganin masara ta fara bushewa a gona. Sai wata safiya, kansa a sunkuye, ya ce, "Mama, ni na kashe Baba." Ashe a ranar hatsarin ya yi ta rigima sai an sayo masa takalmin ƙwallo, uban ya fita yana cewa to.

Ba ta ce masa kul ba. Ta bar shi ya yi kukansa, sannan ta nemi izininsa ta kira Baffa. Wada ya durƙusa a gabansa ya ce, "Musaddiq, lodin masara ya ɗauka, taya ta fashe. Ni na je wurin. Wallahi babu takalminka a ciki."

Bai warke a ranar ba. Ta koya masa in zuciya ta taso ya fita waje ya ja numfashi, ta koya wa Zuwaira ta riƙa ambaton mahaifinsa a gida maimakon ɓoye sunan. A hankali ya koma aji.

Malama Tasalla, ke ce mai haƙurin zama da ɗan wani. Ke ce kika ji abin da mu iyaye muka kasa ji, kuma ba ki taɓa kunyata mu ba. Yanzu da kika ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna, ya shirya miki naki.

Mu kuma da muka rage, kafin mu ɗaga bulala mu zauna kusa da yaro tukuna, in abin ya fi ƙarfinmu mu kai shi ga masu wannan ilimi. A walimar sallamarta Wada ya miƙe domin yin godiya. Ya ce, "Jama'a, da na kai shi, da yana can a ɗaure yana zaton shi ya kashe ƙanina."