Sallata a filin golf na Nairobi

Mun tashi da asuba daga Badarawa, ni da maiɗakina, muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Mai Keke Napep ɗin da ya ɗauke mu bai bar rami ko ɗaya bai gaisa da shi ba. Daga Abuja muka hau jirgin sama zuwa Nairobi, inda ƙanena yake aiki.

Garin akwai sanyi da cunkoson motoci. Tuwon masararsu kuwa tauri gare shi kamar an yi faɗa da mai tuƙin, amma gasasshen naman akuyarsu ya wanke masa laifi. Shayi da madara ya fi namu araha.

Ran Asabar ƙanena ya ce zai kai ni filin golf, wasan da ake buga 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Yana neman shiga ƙungiyar 'yan wasan, dattawanta suna lura da halinsa, kuma duk abin da baƙonsa ya yi, a kansa yake. Tun a mota ya fara yi mini karatu cikin ladabi: babbar riga ba ta shiga fili, waya a kashe, ƙwallon wani ba a taɓawa, in mutum zai buga kowa ya yi tsit. Na ce masa ni da na goya shi ba sai ya koya mini zaman duniya ba.

Haka na fito cikin aron rigarsa mai kwala, tumbina yana neman hanyar fita. Ba mu yi nisa ba na ga wani bawan Allah ya sunkuya da sanda, na rangaɗa masa sallama har da tambayar iyali. Ƙwallonsa ta faɗa tafki. Ƙanena ya ba shi haƙuri, gumi yana keto masa cikin wannan sanyi.

Da azahar ta yi, ƙanena ya shiga cikin itatuwa neman ƙwallonsa. Ni kuwa na hango wani wuri mai tuta a tsakiya, ciyawarsa lumui kamar darduma. Da alwalata, sai na cire takalma na ta da kabbara. Ashe nan ne ramin da kowa yake auna, ga kuma wasu mutum huɗu a bayanmu suna jiran bugu.

Da na sallame, na gan su tsaye, huluna a hannu, babu mai motsi. Ƙanena yana gefe kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya matso ya raɗa mini, "Yaya, mai farin gashin nan shi ne shugaban ƙungiyar."

Tsohon ya tako a hankali ya miƙo mini hannu. Ya ce a nan in mutum ya tattara hankalinsa wuri ɗaya ba a katse shi, don haka suka jira. Amma akwai ɗakin salla kusa da wurin cin abinci, inda ƙwallo ba ta fasa ƙeya. Sannan ya nuna mini gurbin da gwiwoyina suka bari, ya ba ni wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, ya koya mini yadda ake tayar da ciyawa. Na durƙusa na gyara, shi yana duba aikin.

Sauran wasan na bi ƙanena sau da ƙafa. Maiɗakina da ta ji labari ta ce a samo mata irin ciyawar nan ta shuka a tsakar gida.

Mun dawo Kaduna lafiya, kuma bayan mako biyu ƙanena ya bugo waya cewa an karɓe shi, da sharaɗin in na sake zuwa shugaban ne zai yi wasa da ni. Abin da na koyo shi ne, baƙo ko da ido makaho ne, kuma wanda ka goya wata rana shi zai yi maka jagora. Ka bi shi kawai, ka rufe bakinka.