Mun Je Duba Tsaron Gari, Mun Watsa Shi

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtua, mu ƴan kwamitin shirin ko-ta-kwana. Aikinmu shi ne mu zaga ƙauyukan bayan Kafur mu duba makaranta, masallaci, coci da ɗakin shan magani: in ƴan bindiga suka faɗo, ta ina za su shigo, ta ina mutane za su tsere? Ni na kafe a kan kada a sanar da kowa zuwanmu, wai don mu ga gari yadda yake ba kwalliya. Har taƙama nake yi da dabarar.

Damina ta yi kyau bana. Daga Bakori har Malumfashi masara ta fi mutum tsawo, dama da hagu. A Malumfashi muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har wani cikinmu ya ce a ba shi tabarau ya nemo shi. Bayan Kafur kwalta ta ƙare, taɓo ya ce mota ba ta isa ba. Sai muka ɗauki ƴan acaɓa daga tasha, uku-uku a kan babur don sauƙi. Yayyafi ya tsananta, kowa ya zura baƙar rigar ruwa ya ja hularta har ido.

Muna haye rafin ƙauyen farko muka ji ana dukan ƙarfe, sai ihu. Kafin mu kai dandali gari ya watse. Ga tukunya a kan murhu, ga takalma warwatse a hanya, masara sai kaɗawa take inda mutane suka kutsa. Na dubi jerinmu, babura a layi, baƙaƙen kaya, fuska a rufe. Kamar ƴan bindigar sak muka shigo.

Mun daɗe muna kwaɗa sallama kafin mai unguwa ya fito daga gona, dattijo, gwiwarsa duk laka.

"Malam, ba a faɗa muku ba? Baƙo a nan a bakin rafi yake kashe babur ya turo shi da hannu. Wanda ya shigo da wuta, mun san ko wane ne."

"Baba, a gafarce mu. Tsaronku muka zo dubawa."

Ya juya mini baya ya shiga kiran mutanensa. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ana haka malamar asibiti ta taho a guje. Ɗakin shan maganin ƙofa ɗaya gare shi, kuma tana kallon hanyar da muka fito. Wata mai ciki, Rifkatu, ta zo awo, da ta ji ƙarfen sai ta haura katangar baya ta faɗa. Mun same ta kwance a gindin katangar, jini ya ɓalle, cikin bai fi wata bakwai ba. Mijinta ya durƙusa yana kiran sunan Yesu, maƙwabciyarta na salati. Aka ce a ɗora ta a babur, tana ganin rigunanmu ta sake ƙwalla ƙara. Sai da muka tuɓe su muka ja baya. A amalanken shanu aka kai ta inda muka bar mota, mu muna biye a ƙasa, ba mai kallon ɗan'uwansa.

A asibitin Malumfashi muka bar su da la'asar. Sauran ƙauyukan ba mu je ba. Muka juyo Funtua.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da daɗin faɗa. Mun gano katangar tana buƙatar ƙofar baya, kuma za a huda, amma da jikin baiwar Allah muka gano. Mutanen da tsoro ya riga ya cinye ba a yi musu ba-zata, sallama ake aikawa tun daga nesa.

Washegari mijin ya kira ni. Ta haihu, mace, bakwaini, tana cikin kwalba, likita ya ce a yi ta addu'a. Har godiyar mota ya yi mini. Maiɗakina ta haɗa kayan barka, suna nan a bakin ƙofa. Ni ne har yau na kasa ɗauka.