Ranar da Aka Kaɗa wa Angurya Ƙuri'a

Ban taɓa mantawa da ranar da aka yi zaɓe tsakanin irin auduga biyu a ofishinmu na gwajin iri da ke kusa da Ƙofar Ɗan Agundi ba. A 1999 ne, farkon damina, soja ba su daɗe da miƙa mulki ba. Ni mai awo ne: in ƙirga angurya ɗari, in ɗora a sikeli, in rubuta nauyinta. Shugabana shi ne Malam Sabi'u, wanda muka kai makwancinsa makonni uku da suka wuce. Allah ya jiƙansa.

Ga wanda bai sani ba, girman angurya gado ne. Malam ya shafe shekara bakwai yana barbarar wannan da wancan, har ya samu iri mai ƙananan ƙwaya, wanda in an gurje shi audugar ke rinjayar anguryar. Gwangwani ɗaya tal muke da shi, yana jiran shuka.

Sai aka naɗa mana sabon kwamiti. Ciyaman ɗinsu, wani Alhaji mai sayar da atamfa, ya buɗe gwangwanin, ya ce, "Subhanallahi! Malam, har iri ma soja sun bari da yunwa?"

Malam ya fara bayani. Alhaji ya ɗaga hannu. "Zamanin mutum ɗaya ya yanke hukunci ya wuce. Ƙuri'a za a kaɗa."

Aka zuba iri a faranti biyu. Tsohon iri mai manyan ƙwaya ya samu ƙuri'a biyar. Namu ya samu ɗaya, shi ma mai ita ya ce bai gane tambayar ba.

"A kai wa shanuna wannan," in ji Alhaji, yana nuna gwangwaninmu.

Malam kuwa gyara hularsa kawai ya yi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya faɗi zaɓe yanzu, yanka shi ake yi?"

"A'a! Ɗan adawa yake zama."

"To ina kujerarsa?"

Suka yi ƙus-ƙus, suka ba ɗan adawa kunya biyu a ƙarshen gona, bakin rijiya. Na rubuta hakan a littafi, Alhaji ya sa hannu. Da la'asar muka shuka.

Ni na so mu yi musu har gaskiya ta fito. A wurin Malam na koyi cewa mai aikin iri ba ya neman cin gardama. Ƙasa kawai yake nema kafin ruwa ya wuce.